Gwangwanayen Dattijo: Mako Guda da Kaboyin da Ba Sa Magana

Asabar

Maƙwabcina zai tashi. 'Yarsa ta daɗe tana fama da shi ya bar gidan nan na Ohio ya koma wurinta, don ƙafa ta fara gazawa, sai bana ya sauko. Kujeru da tukwane duk ya yarda a sayar. Abu ɗaya ya ce ba mai taɓawa sai an rubuta shi ɗaya bayan ɗaya, wato finafinan da ya tara a ɗakin ƙarƙashin ƙasa tun yana saurayi yana aikin gidan waya. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu, ni kuwa ina hutu, shi ya sa ya roƙe ni in riƙe masa biro. Dattijo zan riƙa ce masa a wannan littafi.

Ɗakin sanyi ƙalau, ga na'urar tsotse danshi tana gunji a lungu. Kantoci ne daga ƙasa har rufi, an jera gwangwanaye masu faɗi da kwalaye, kowanne da rubutun hannunsa a jiki. Duk finafinan kaboyi ne, kuma duk na zamanin da fim bai fara magana ba, daga farkon ƙarni na 20 zuwa wajen 1929. Na tambaye shi dalilin da ya tsaya a nan. Ya ce tun da aka sa wa kaboyi baki ya koma surutu, ya rage hawan doki.

Ya ce ba za a fara aiki ba sai na ga tushe. Ya ɗora wani ɗan naɗi a majigi: The Great Train Robbery na 1903, wanda Edwin S. Porter ya yi wa kamfanin Edison. Duka-duka minti 12 ne. 'Yan fashi sun ɗaure ma'aikacin tasha, sun hau jirgin ƙasa, sun fasa akwatin kuɗi, sun jera fasinjoji a bakin layin dogo suna ƙwace musu kaya, wani ya ranta a na kare suka harbe shi ta baya. Mai gudun nan G. M. Anderson ne, wanda daga baya ya zama Broncho Billy, jarumin kaboyi na farko da 'yan kallo suka riƙe sunansa. Dajin da aka nuna a matsayin yammacin Amurka kuwa a New Jersey yake, can gabas. A ƙarshe wani mai gashin baki, Justus Barnes, ya fuskanci kyamara ya ɗaga bindiga ya yi ta harbin 'yan kallo.

Dattijo ya ce takardar tallar Edison ta bai wa masu sinima zaɓi, su sa wannan harbi a farko ko a ƙarshe, yadda suka ga dama. Saboda haka, in ji shi, kada in rubuta sunan fim kawai in wuce. Sai na rubuta wane kwafi ne, domin suna ɗaya na iya ɗauke da finafinai iri-iri.

Lahadi

Mun ja layuka a babban littafi: suna, shekara, faɗin fim, tsawonsa, inda aka samo shi, da lafiyarsa. Lafiyar da hanci ake fara duba ta. Zan buɗe murfi in miƙa masa, ya sunsuna. Idan ya ji tsami irin na ruwan kal, sai ya ce a ware. Wannan ciwo ne na fim ɗin asitet: danshi da zafi suna sa robar ta riƙa fitar da tsami, ta ƙanƙance, ta lanƙwashe, har majigi ya ƙi karɓarta. Kuma tururin yana hanzarta lalacewar na kusa da shi, don haka ba a barin mai ciwo cikin masu lafiya. Kafin azahar mun ware ƙaramin tsibi a bakin ƙofa.

Mafi yawan kayansa masu faɗin milimita 8 ne da 16. Fim ɗin sinima na ainihi milimita 35 ne, waɗannan ƙananan an yi su ne don kallon gida. Kodak ta fito da na 16 a 1923, na 8 a 1932, Faransawan Pathé kuma suna da nasu na 9.5 tun 1922. Kwalaye da yawa na ɗauke da tambarin Blackhawk, wani kamfani na garin Davenport a jihar Iowa da ya shekara da shekaru yana buga tsofaffin finafinai yana aika wa masu sha'awa ta gidan waya. Dattijo ya ce a wurin aiki ya fara ganin kasidarsu tana wucewa ta hannunsa zuwa gidajen mutane, daga nan ciwon ya kama shi.

Wanda ya fi ji da su 'yan ƙalilan ne na Kodascope, tsarin haya da Kodak ta buɗe a shekarun 1920. Ya zaro ɗaya ya ɗaga ta fuskar fitila, launinsa ruwan zuma, hoton tas kamar jiya aka wanke. An buga su ne tun lokacin da asalin fim ɗin yake sabo. Illarsu ita ce yawanci an datse labarin don ya shiga naɗi biyar. To amma akwai finafinan da wannan datsattsen kwafi shi ne kaɗai abin da ya rage a duniya.

Da dare na duba alƙaluman. A 2013 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da binciken David Pierce kan dogayen finafinai marasa magana da aka yi a ƙasar daga 1912 zuwa 1929. Ya ƙirga 10,919. Kashi 14 cikin ɗari ne kawai suka tsira cikakku a siffarsu ta asali. Kashi 11 sun tsira a kwafin ƙasashen waje ko a ƙananan finafinai irin na Dattijo, kashi 5 guntaye ne, kashi 70 kuwa sun tafi. Sai yanzu na gane abin da ya sa ba ya barin a ɗaga gwangwani da hannu ɗaya.

Litinin

Yau ranar William S. Hart ce. Kanta guda tasa ce shi kaɗai.

Hart ɗan wasan dandamali ne, ya yi wasannin Shakespeare, bai shiga fim ba sai 1914 yana dab da shekara 50. Fuskarsa doguwa, ba fara'a. Kayansa na aiki ne, garuruwan finafinansa kuwa ƙura da bukkokin katako. Da la'asar muka kalli Hell's Hinges na 1916. Wani matashin fasto mai raunin zuciya ya zo wani gari na 'yan giya da caca tare da ƙanwarsa Faith. Mai mashaya, Silk Miller, ya ɗauko ɗan bindiga Blaze Tracy, wato Hart, don ya kore su. Tracy ya je tarbar keken doki da niyyar cin mutunci, idonsa ya faɗa a na yarinyar.

A nan Dattijo ya ce in zuba ido. Ba a yi magana ba, ba a yi wani motsi mai yawa ba. Kyamara ta tsaya a fuskar Hart, murmushin raini yana nan, sai ya fara sulalewa a hankali, hannu ya tafi ga hula ya cire. Shi ke nan, ka san mutumin nan ba zai iya aikin da aka ba shi ba. Can gaba an nuna shi zaune shi kaɗai yana karanta Baibul, ga kwalbar giya a gefen hannunsa, yana bin layi da ƙyar irin na wanda bai saba ba. Tuba ta fara shiga, tsohon hali bai gama fita ba, duka a hoto ɗaya. Daga ƙarshe mutanen gari suka ɓata faston da giya da mace, suka ƙona coci, faston ya mutu, Tracy ya shiga mashaya da bindiga biyu ya cinna wa garin wuta baki ɗaya.

Abu biyu na koya a kan kallo. Na farko gudu. Na saba ganin mutanen tsofaffin finafinai suna tafiya cakar-cakar kamar ana korarsu, na ɗauka haka aka yi su. Ashe da hannu ake juya kyamarar wancan zamani, sau da yawa hotuna 16 zuwa 20 a daƙiƙa, da zuwan sauti aka tsayar da 24. Idan aka haska tsohon fim da gudun sabo, dole kowa ya zama abin dariya. Majigin Dattijo yana da maɓallin rage gudu. Ya juya shi kaɗan, sai ga Hart yana taku irin na mai nauyin jiki da nauyin zuciya.

Na biyu launi. Kwafinsa fari da baƙi ne, amma ya ce mutanen 1916 ba haka suka saba gani ba. Ana tsoma fim a rini: shuɗi na dare, ruwan zuma na cikin ɗaki ko hasken fitila, ja na gobara. Da rana tsaka ake ɗaukar wurin da ake nufin dare, rinin ne ke mai da shi dare. Shi ya sa a kwafi marar rini za ka ga ɓarawo yana sanɗa cikin rana ƙwal, ka rasa me yake ɓoye wa. Kuma ba shiru ake kallo ba, ko ƙaramar sinimar ƙauye tana da mai kaɗa fiyano. Mu dai faifan kiɗa ya sa mana, wani wurin ya dace, wani wurin jarumi na kuka kiɗa na rawa.

Talata

Tom Mix kishiyar Hart ne: farar hula, riga mai ado, dokinsa Tony ya iya wasanni, shi kuma yana tsalle daga doki zuwa jirgin ƙasa yana dariya. Ya yi finafinai kusan 290. Na zaci kantarsa za ta fi ta kowa cika, sai na tarar da 'yan gajerun da ya yi wa kamfanin Selig a shekarun 1910, da ƙalilan daga na Fox, irin su Sky High na 1922 da aka ɗauka a Grand Canyon. Na ce ina sauran? Dattijo ya ce, "Little Ferry."

Ranar 9 ga Yuli 1937, ana tsananin zafi, rumbun ajiyar finafinan Fox da ke garin Little Ferry a New Jersey ya kama da wuta. Naɗi fiye da 40,000 suka ƙone, ciki har da asalin mafi yawan finafinan kamfanin marasa magana. Abin da wuta ba ta ci ba, masu shi sun ci. A 1948 kamfanin Universal ya lalata mafi yawan nasa da suka rage, don a tatsi azurfar da ke jikin fim a kuma samu wuri. A idonsu hajar da ta gama kasuwa ce. Waye zai biya kuɗi ya kalli bebe alhali ga mai magana?

Da yamma na kira Kawu a Kano, don shi ne tsohon ɗan sinimar gidanmu. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, kun taɓa kallon Tom Mix?" Ya ce, "Wane ne kuma haka? Mu Django muka sani, da John Wayne." Ya shiga ba ni labarin Plaza da Palace da El Dorado, yadda ake ihu idan akta ya zo ceton yarinya, da yadda kowa ya san bos ba zai kai ƙarshen fim ba. Na ce waɗanda nake kallo ba sa magana. Ya yi dariya ya ce, "Yo ɗana, namu ma da suke magana, wa ke jin abin da suke cewa? Doki muke kallo da hannu." Lissafi ya nuna ba zai san su ba, domin ko sinimar Rex ta Kano sai a 1937 aka buɗe ta, shekarar gobarar nan, lokacin fim ya daɗe da yin baki. Amma irin kallon da ya bayyana shi ne ainihin wanda aka yi waɗannan finafinai dominsa. Na gaya wa Dattijo, ya ce a gaishe masa da Kawu, ɗan'uwa ne.

Laraba

Ruwa aka wuni ana yi, ƙafar Dattijo ta hana shi sauka, sai muka zauna a falo da faifan bidiyo na zamani. Ba ya raina su. Ya ce abin da ya nema shekaru bai samu ba, yau ga shi an gyara an sa a kwali.

Straight Shooting muka kalla, na 1917, dogon fim na farko da John Ford ya ba da umarni, yana ɗan shekara 23. Harry Carey ne Cheyenne Harry, ɗan bindigar da wani mai garken shanu ya yi haya don ya kori manoma. An killace ruwa, ɗan manomi ya je ɗiba aka harbe shi. Harry ya iso ya tarar da uban da 'yar'uwar a bakin kabari, ya cire hula, daga nan ya juya wa ubangidansa baya. Duk wanda ya taso a inda manomi da makiyayi ke haɗuwa a bakin rafi ɗaya ba ya buƙatar a fassara masa rubutun da ke fitowa tsakanin hotuna. Akwai inda Carey ya kama damtsen hannunsa da ɗaya hannun yana tsaye. Wannan tsayuwa ce John Wayne ya maimaita a bakin ƙofa a ƙarshen The Searchers na 1956, don tunawa da Carey.

An daɗe ana lissafa fim ɗin cikin ɓatattu, sai a shekarun 1960 aka gano kwafinsa a gidan adana finafinai na Chekoslobakiya. Can aka samu Hell Bent na 1918 ma. Bucking Broadway na 1917 kuwa a Faransa ya ɓullo a 2002. Ford ya yi finafinai marasa magana fiye da 60, mafi yawansu sun salwanta, kuma waɗannan na farkon da ake gani yau daga ƙetare suka komo gida.

Dattijo ya ba ni labarin Dawson, wani garin masu haƙar zinariya a can arewacin Kanada. Nan ne zangon ƙarshe, fim kan iso bayan ya gama zaga ko'ina, kamfanoni kuma ba sa son biyan kuɗin mayar da shi. Suka taru suka zama kaya. A 1929 aka zuba su a wani tsohon wurin ninkaya aka binne, ƙasar garin kuma daskararriya ce. A 1978 motar haƙa ta tono su, aka ceto naɗi 533. Akwai kuma na takarda: daga 1894 zuwa 1912 kamfanoni kan buga fim hoto-hoto a doguwar takarda su kai Laburaren Majalisa don rajistar mallaka. Finafinan suka ruɓe, takardun suka zauna, daga jikinsu aka sake ɗauko finafinai wajen 3,000.

Na lura da abu ɗaya a duk labaran nan. Kwafin da ya koma hannun mai shi, wuta ko tukunyar narka azurfa ce ta jira shi. Wanda ya ɓace a hanya, wanda aka ƙi mayarwa, wanda wani ya saya don 'ya'yansa su kalla a falo, shi ne ya kai labari. Dattijo ya ce shi ya sa bai taɓa jin kunyar a kira shi mai tara tarkace ba.

Alhamis

A bayan kantar ƙarshe, ƙarƙashin wani tsohon bargo, na ci karo da gwangwani ɗaya da ya fi saura girma, ya yi tsatsa, ba rubutu. Na hau da shi sama. Dattijo na ganinsa ya ce in ajiye a hankali, in buɗe taga, kada kowa ya kunna komai. Ya ce ya saye shi ne a gwanjon kayan wata gona da daɗewa, cikin akwatin tarkace, kuma bai taɓa gaya wa matarsa abin da ke ciki ba har ta rasu.

Milimita 35 ne, na naitiret. Da shi ake yin fim ɗin sinima har farkon shekarun 1950. Hotonsa ba na biyu, amma ɗan'uwan albarushi ne: idan ya kama wuta yana samar wa kansa iskar da zai ci, ko a ruwa aka tsoma shi ba lallai ya mutu ba, hayaƙinsa kuma guba ne. Idan ya tsufa sai ya yi ja, ya yi danƙo, ya fitar da kumfa, a ƙarshe ya zama gari. Irinsa ne ya tashi a Little Ferry.

Na sa safar hannu, muka buɗe a baranda. Wari ya bugo mai kauri. Zagayen waje ya manne, hoton ya narke ya zama tabo-tabo, amma da muka warware kaɗan sai ga na ciki garau, rininsa ruwan zuma. Ba a sa irin wannan a majigi. Da gilashin ƙara girma na riƙa bi, ina faɗa masa abin da nake gani. Mace ce a kan doki, da faffaɗar hula, tana riƙe da linzamin wani doki na biyu da ba kowa a kansa. Bayanta shingen katako da injin iska mai jawo ruwa. Hoto bayan hoto tana juyo da kai, kamar an kira ta daga baya. Can sai wani mutum ya shigo daga gefe da hannu ɗaya a naɗe cikin ƙyalle. Ba sunan fim, ba rubutu ko ɗaya a iya inda muka buɗe.

Ya ce in duba bakin fim ɗin, wajen ramukan. Na ga sunan Kodak, sai 'yan murabba'ai biyu baƙaƙe. Kodak kan sa alamar shekarar da ta yi fim a gefe, da'ira ko murabba'i ko mai kusurwa uku, alamun kuma suna maimaituwa duk shekara 20. Murabba'i biyu na nufin 1920 ko 1940. Hoton nan ya cika faɗin fim ɗin daga rami zuwa rami, ba a bar layin sauti ba, saboda haka 1920 ya fi kusa. Dattijo ya san fuskokin 'yan wasan wancan zamani kamar danginsa, amma da na kwatanta masa matar ya ƙura ido ta gilashi, ya ce bai gane ta ba. Mata sun yi jarumtar kaboyi a lokacin, irin su Texas Guinan da Helen Gibson, ya ce ba ɗayansu ba ce.

Na ce wannan ba zai kwana cikin gida ba. Muka kai shi rumfar bayan gida, nesa da komai, a inuwa.

Juma'a

Bayan na dawo daga masallaci muka yi musu. Ni na ce a nemi gidan adana finafinai su karɓa. Shi ya ce idan ya shiga can ya shiga kabari, za a ba shi lamba a rufe, ba mai sake ganinsa. A hannunsa dai ya shekara aru-aru bai ɓata ba. Na ce, "Dattijo, zagayen waje fa? A hannunka ya narke." Ya yi shiru, ransa bai so ba.

Ban ƙara matsa masa ba. Na ɗauko The Daughter of Dawn cikin faifansa na ce mu kalla, don shi da kansa ya ba ni tarihinsa shekaranjiya. An ɗauke shi a 1920 a duwatsun Wichita na jihar Oklahoma, 'yan wasan duka 'yan asalin ƙasar ne, Comanche da Kiowa fiye da 300, ciki har da White Parker da Wanada Parker, 'ya'yan shugaban Comanche Quanah Parker. Da tantunansu da tufafinsu na gaske suka zo. Fim ɗin ya ɓace shekaru fiye da 80. Ashe yana hannun wani mai binciken sirri da aka biya shi ladan aiki da gwangwanayen. Ƙungiyar Tarihi ta Oklahoma ta saya, aka gyara, aka haska shi a 2012, jikokin 'yan wasan suka ga kakanninsu suna tafiya suna hawan doki.

Sai na tambaye shi Bill Pickett. Baƙar fata ne ɗan Texas, shi ya ƙirƙiro wasan dirowa daga doki a kama ƙahon sa a kayar, har yakan ciji leɓen san. Kamfanin Norman ya yi masa fim, The Bull-Dogger, a farkon shekarun 1920, don sinimomin baƙaƙen fata. 'Yan guntaye ne kawai suka rage. Masana tarihi da dama na ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na makiyayan shanun wancan zamani baƙaƙe ne, amma wanda ya san kaboyi ta sinima ba zai taɓa zaton haka ba. Na ce masa wataƙila cikakken fim ɗin Pickett ya zauna a rumfar wani mai ƙaunarsa, yana cewa a hannuna ya fi tsira, har ranar da magada suka buɗe suka tarar da gari.

Ya ce na iya faɗa. Daga nan ya koma ba ni labarin Culpeper a jihar Virginia, inda Laburaren Majalisa ke da ɗakunan naitiret 124 a jikin tsauni, cikin sanyin da bai fi digiri 4 ba. Ya ce a can sukan tara masana da masu tara finafinai a haska musu guntayen da ba a san sunansu ba, kowa na faɗin abin da ya gane, wani fuskar ɗan wasa, wani lambar mota, wani kalandar da ke bango. Yana faɗa idonsa na ƙyalli. Na gane abin da ke cin ransa shi ne ya mutu bai san sunan matar nan ba.

Asabar

Da safe ya aiko jikarsa ta kira ni. Ya yarda, bisa sharaɗi biyu. A rubuta a takardar miƙawa inda aka samo gwangwanin da yadda ya zo hannunsa, don wanda zai bincika nan gaba ya san ta inda zai fara. Kuma idan an gano sunan fim ɗin a sanar da shi, in ba ya nan a sanar da 'yarsa.

Na ɗora fim ɗin a kan farin gilashi mai fitila marar zafi, na ɗauki hotunan matar, da mai naɗaɗɗen hannu, da injin iska, da murabba'an gefe. Muka rubuta wa wani gidan adana finafinai wasiƙa muka haɗa da su. Naitiret ba a jefa shi a akwatin gidan waya, doka ta sa shi cikin kaya masu haɗari, sai an bi ƙa'idar ɗaukarsa. Wannan Dattijo ya fi ni sani, shi da ya yi aikin.

Sauran muka kasa uku a littafi. Na Blackhawk, da yake akwai irinsu da yawa a hannun mutane, za a kai taron masu tara finafinai a sayar wa matasan da ke da majigi, don fim ɗin gida amfaninsa a haska shi. Na Kodascope za mu tura jerin sunayensu tare da wasiƙar, ko akwai wanda gidan adanar ba shi da shi ko nasu bai kai wannan kyau ba. Masu warin tsami za a fara duba ko akwai na musamman a ciki a kwafe shi kafin ya gama lanƙwashewa. Majigi ɗaya da finafinan Hart ya ce da su zai tafi, ko 'yarsa ta so ko ta ƙi.

Da nake cike layin "inda aka samo", na ga kusan kowane gwangwani ya ratsa hannun wani kafin nasa: wani malamin makaranta, wani mai shagon kyamara, gwauruwar wani mai majigi da ta ce a kwashe kafin ta zubar. Ba ɗayansu da ya yi fim ɗin, ba kuma wanda ya riƙe shi har abada. Kowa ya tsare shi daga zafi da danshi iya ƙarfinsa, ya miƙa. Wanda ya ƙi miƙawa a kan lokaci, da shi da kamfanin da ya narka nasa don azurfa, sakamakonsu ɗaya ne a wurin mai kallo na gobe. Na karanta wa Dattijo wannan, ya ce in daina wa'azi in ƙara layi ɗaya a littafin, na "inda ya tafi". Na ja layin. Akwai kwalayen hotunan talla da kasidu a saman kanta da ko buɗe su ba mu yi ba, ya ce Litinin da ƙarfe tara, kuma in zo da sabon biro.